Littattafan da Ba Su Magana

Jawabin da wani ɗan ajin 1984 ya gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara-shekara



Ran da sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi bana, sai na ce to, an rasa mai yi ke nan. Waɗanda muka zauna aji ɗaya da su sun san halina. Ni ne wanda in malamin Ingilishi ya ce yau akwai muhawara, nan take ciwon ciki yake kama ni. Saboda haka kada ku yi mamaki don na zaɓi in yi magana a kan littattafan da su ma ba su magana. Sai dai ina neman afuwar malamanmu na Hausa. Su suka karantar da mu Magana Jari Ce, ga shi yau ɗalibinsu ya zo yana tallan littafin da ba a rubuta labarinsa da kalma ko ɗaya ba.

Bari in fara da yadda na gamu da su. Shekara uku da suka wuce babban ɗana ya je kwas ƙasar waje, da zai dawo ya yiwo wa 'yarsa tsarabar littattafai. Yarinyar nan, wadda nake kira amaryata, lokacin shekararta biyar, ba ta iya haɗa baƙi ba tukuna. Ta kawo mini ɗaya ta ce, "Kaka, karanta mini." Na sa tabarau na buɗe, zane. Na juya shafi, zane. Na juya har bangon baya ban ga abin karantawa ba. Na kira ubanta na ce, "Kai, an cuce ka, an sayar maka da littafin da ba a gama bugawa ba." Yana cikin dariya sai yarinyar ta fizge littafin ta ce tun da ban iya ba, ita za ta karanta mini. Ta kuwa karanta, tun daga farko har ƙarshe, tana bin zane da ɗan yatsa, tana yi wa kowace dabba muryarta. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa na zauna a tabarma ina sauraro.

Ga yadda irin waɗannan littattafai suke, don wanda bai taɓa gani ba. Ana raba shafi gida-gida kamar gidan dara, kowane gida da zanensa, kamar dai labarin zane da muke gani a jarida. Bambancin kawai babu ɗan rubutun nan da akan sa a bakin mai magana. Abin da ya faru tsakanin wannan gida da na gabansa, mai karatu ne zai cike da kansa. In ya ga yaro riƙe da tulu a gida na farko, a na biyu ya ga ruwa a ƙasa yaron ya dafe kai, ba sai an gaya masa tulu ya fashe ba. Abin ba sabo ba ne. Wani ɗan Beljiyam, Frans Masereel, ya fitar da labarai irin wannan tun 1918 da 1919, yana sassaƙa hotunan a jikin katako ana buga su a takarda, sannan Lynd Ward ya bi sahunsa a Amurka a 1929. Amma waɗancan na manya ne, labarinsu duk wahalar birni ce da baƙin ciki. Daga baya ne aka lura cewa ai masu buƙatar wannan hanya su ne yaran da bakinsu ya buɗe amma idonsu bai saba da baƙi ba.

Littafin da amaryata ta karanta mini ran nan shi ne na Jerry Pinkney, baƙar fata ɗan Amurka, wanda ya fito a 2009. Labarin zaki da ɓera ne da duk muka sani: zaki ya kama ɓera ya sake shi, wata rana mafarauta suka ɗana wa zaki raga, ɓera ya zo ya ciccije igiya ya cece shi. Pinkney ya kai labarin dajin Serengeti na gabashin Afirka, kuma ban da sautuka irin su kukan dabbobi bai rubuta komi ba. A 2010 aka ba shi lambar Caldecott, wadda ita ce babbar lambar yabo ta littafin yara mai zane a Amurka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shafin da zaki yake riƙe da ɓera yana dubansa. Na tambayi yarinyar me ya sa ya sake shi. Ta matso da fuska kusa da takarda ta ce, "Dubi idonsa mana, tausayi ya ji." Ku lura, jama'a, ba wanda ya gaya mata. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe, kuma tambayar fuska ɗin nan ita ce darasin da littafin yake koyarwa. Littafi mai rubutu zai ce wa yaro wane ya ji tausayi, ya haddace ya wuce. Wannan kuwa sai ya duba da kansa ya gano.

Daga nan sai abin ya shiga raina, na riƙa sa ana nemo mini wasu. Akwai The Snowman na Raymond Briggs, ɗan Ingila, na 1978, wato mutum-mutumin ƙanƙara. Yaro ya gina shi a tsakar gida da rana, da dare ya yi rai, suka sha wasa, har ya kama hannun yaron suka tashi sama. Da gari ya waye yaro ya fito a guje, ya tarar ya narke, saura hula da mayafin wuya a kan tsibi. Nan littafin ya ƙare, ba lallashi. Amaryata ba ta taɓa ganin ƙanƙara tana zuba ba, ita a wajenta mutumin auduga ne, amma da ta kai shafin ƙarshe shiru ta yi, ta rufe littafin ta ajiye. Akwai kuma Owly na Andy Runton, wanda ya fara fitowa a 2004. Wannan ya ba ni sha'awa ƙwarai don tauraronsa mujiya ce, kuma kun san matsayin mujiya a wurinmu, har in an tsangwami mutum mukan ce an mai da shi mujiya. To haka ma a littafin, duk ƙananan halittu gudunta suke yi, alhali ita ba abin da take nema sai abokin hira. Ta tsinci wata 'yar tana da ruwan sama ya kusa halakawa, ta yi jiyyarta har ta warke, ta raka ta neman iyayenta. A bugun farko in za su yi magana sai a zana 'yar alama ko ɗan hoto a maimakon kalma. Da aka sake buga shi da launi a 2020 an ƙara masa rubutu kaɗan, ni kam na fi son na farkon.

Wanda ya fi kusa da mu mutanen makaranta shi ne I Walk with Vanessa, na 2018, wanda wasu mata da miji 'yan Faransa suka zana, suna sa hannu da suna Kerascoët. Baƙuwar yarinya ce ta shigo sabuwar makaranta, ba mai kula ta, aka tashi wani yaro ya tare ta a hanya ya ci mata mutunci. Wata 'yar ajinsu ta gani daga nesa, ba ta ce komi ba, amma abin ya hana ta sukuni har dare. Da safe ta je ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan su baƙuwar, suka kama hanya tare. Wannan ya biyo su, waccan ta biyo su, kafin a kai ƙofar makaranta sun zama ayari. Ba a doki mai laifi ba, ba a kai ƙara ofishin kowa ba. Siniyoyinmu da ke zaune a layin gaba, na ga wasunku suna sunkuyar da kai. Ba da ku nake ba, mun yafe tuni, har da wankin da muka sha.

Ga yara manya kuwa akwai The Arrival na Shaun Tan, ɗan Ostireliya, na 2006. Magidanci ne ya bar matarsa da 'yarsa ya tafi ci-rani wata ƙasa. Dabarar mai zanen ita ce, duk rubutun da ke jikin alluna da takardun wannan ƙasa ya yi shi da haruffan da ya ƙirƙira, waɗanda ba mai iya karantawa. Saboda haka kai ma mai digiri sai ka koma jahili tare da baƙon, ka ji yadda ake ji in an miƙo maka takarda ka rasa sama da ƙasanta. Kuma duk inda ya maƙale, wani baƙo ɗan'uwansa ne da ya riga shi zuwa yake nuna masa hanya, wata ta koya masa yankan tikiti, wasu suka kai shi gida suka ba shi abinci.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na karɓi wannan gayyata. Sunansa Robot Dreams, wato mafarkin mutum-mutumi, Sara Varon ce ta zana shi, ya fito a Amurka a 2007, shafi ɗari biyu da 'yan kai. A 2023 Pablo Berger na ƙasar Sifen ya mai da shi fim, shi ma ba magana, har ya shiga jerin masu takarar lambar Oska a 2024. Ku yi haƙuri in ba ku labarin da ɗan tsawo.

Wani kare ne kaɗaici ya dame shi, ya aika aka kawo masa mutum-mutumin ƙarfe a kwali, ya harhaɗa shi, suka zama aminai. Ran nan suka tafi bakin teku, suka shiga ruwa, suka fito suka kwanta a rairayi. Da lokacin komawa gida ya yi, mutum-mutumi ya kasa motsi, tsatsa ta kama gaɓoɓinsa. Kare ya rasa yadda zai yi, dare ya yi, ya tafi ya bar shi. Da ya komo da kayan gyara ya tarar an rufe bakin tekun sai wata shekara. Daga nan littafin ya rabu biyu, wata bayan wata. A gefe ɗaya mutum-mutumi yana kwance yana mafarkin an zo an ɗauke shi ya koma gida, sai ya farka ya ga yana nan inda yake. Wasu zomaye ma suka zo suka karya ƙafarsa don su toshe hujin kwalekwalensu. A ɗaya gefen kare yana ta neman sababbin abokai, kowanne da inda abotar take tsinkewa. A ƙarshe wani mai tsintar ƙarafa ya kwashe mutum-mutumin ya sayar a bola, wani mai gyaran rediyo ya sayi ragowarsa ya haɗa shi da akwatin rediyo, ya sake tashi, ya sami sabon gida. Kare kuwa da aka buɗe bakin teku ya je bai tarar da komi ba sai guntun ƙafa. Ya sayi wani sabon mutum-mutumi, wannan karon ya hana shi shiga ruwa. Wata rana tsohon abokin ya hango kare ta taga yana wucewa da sabon amininsa. Bai kira shi ba. Ya dai kunna rediyon jikinsa, kiɗa ya bi iska, kare ya ji ya wuce yana bin waƙar.

Da muka gama, amaryata ta ɗago kai ta ce, "Kaka, me ya hana karen ya tsallaka shinge?" Na buɗe baki in ba ta amsa na kasa, don tambayar ba kare ta sama ba, ni ta sama.

'Yan ajinmu za su tuna wani yaro da muke gado sama da ƙasa da shi a ɗakin kwana. Ba zan kama sunansa ba, don ban nemi izininsa ba. Ran da na zo makarantar nan da akwatin ƙarfe a ka, ban san kowa ba, shi ya nuna mini inda ake ɗiban ruwa da yadda ake ɓoye kwano kada a sace. In gabza ta gagara ciyuwa, garin rogonsa da ƙuli-ƙulinsa muke jiƙawa. Hunturun farko ba ni da bargo, nasa muka riƙa rabawa. Muna aji uku ya karye a filin ƙwallo, aka kai shi gida ƙauyensu wajen mai ɗori, ƙafar ba ta ɗoru daidai ba. Ni na ɗaukar masa akwati har bakin mota, na ce da an yi hutu ina nan zuwa. Hutu ya zo ba kuɗin mota. Na gaba damina ce, aka ce hanyar ta yanke. Na gaba kuma jarrabawa ta matso. Daga nan sai kunya ta shigo, in na tuna sai in ce yanzu da wane ido zan dube shi. Bai dawo makaranta ba, ban ko rubuta masa wasiƙa ba, alhali kan sarki a lokacin bai kai kuɗin ƙosai ba. Bayan kamar shekara ashirin ina wucewa ta wata tasha a mota, na hango wani yana ɗingishi zai tsallaka titi, na gane shi sarai. Na sa ƙafa a birki, na ɗage. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Abin da ya sa nake girmama littafin nan shi ne bai yi wa yara ƙarya ba. Yawancin labaran da muke ba su, mai kirki daban, mugu daban. Wannan kare ba mugu ba ne, yana son abokinsa, ya ma yi ƙoƙari, amma ƙoƙarin bai kai ba, lokaci kuma bai jira shi ba. Da an rubuta labarin da kalmomi, da dole marubuciyar ta yanke hukunci, ko ta wanke shi ko ta ɗaure shi. Da ta yi shiru sai hukuncin ya dawo hannun mai karatu. Jikata ta ɗaure shi. Wanta, da ya girme ta da shekara huɗu, ya ce ai ba laifinsa ba ne, shinge ne. Suka yi ta gardama har aka kira su cin tuwo.

Bara bayan sallah na shirya na tafi ƙauyen. Na same shi da rai da lafiya, tela ne, yana da shago da keke uku da yara masu koyon aiki, ga 'ya'ya har da jikoki. Ya dube ni ya kira ni da sunan tsokanar da ake kirana a ɗakin kwana, ya sa aka damo fura. Na fara ba da haƙuri ya ɗaga hannu ya ce in bari, abin ya wuce. Gaskiyar magana, bayan gaisuwa da tambayar wane da wane, hirar ba ta yi nisa ba. Yana da aminansa da suka zauna da shi lokacin da yake kwance, ni ba na cikinsu, kuma shekara arba'in ba ta dawowa da yini ɗaya. Amma ya tambaye ni malaminmu na lissafi, ko yana nan. Malam, ranka ya daɗe, ga ka nan zaune, ɗalibinka yana gaishe ka.

Na san akwai mai cewa, yaranmu suna faɗuwa jarrabawar Ingilishi, kai kuma ka zo mana da littafin da ba rubutu. Maganarsa tana kan hanya. Littafin nan ba zai koya wa yaro haɗa baƙi ba, ba kuma zai maye gurbin littafin karatu ba. Amma a ba ɗan aji ɗaya shi a ce ya rubuta abin da ya gani, ko da Hausa ko da Ingilishi, a ga in bai cika shafi biyu ba, shi da in an ce ya rubuta insha'i a kan yadda ya yi hutu sai ya yi ta cizon biro. Masana harshe ma sun daɗe suna amfani da wani ɗan littafin Mercer Mayer na 1969, labarin yaro da karensa suna neman kwaɗonsu da ya gudu, don su ji yadda yaran harsuna dabam-dabam suke tsara labari. Wani amfanin kuma, littafin ba ya tambayar yaro harshensa. A 2012 ƙungiyar IBBY mai kula da littattafan yara a duniya ta fara tara irin waɗannan littattafai daga ƙasashe da yawa don yaran tsibirin Lampedusa na Italiya, inda kwalekwalen masu ƙetara Bahar Rum daga Libiya da Tunisiya suke sauka, cikinsu har da waɗanda suka ratsa ta Agadas. Yaron tsibirin da yaron da ya sauka jiya suna iya buɗe littafi ɗaya su yi dariya wuri ɗaya. Mu ma a ajinmu ai akwai Bafulatani da Babarbare da Banufe da suka zo ba su jin Hausa sosai.

Matsalarsu biyu ce. Suna da tsada, don daga waje ake kawo su. Sannan duniyar da ke cikinsu ba tamu ba ce, ga ƙanƙara, ga kare yana kwana a gado. Wannan kuwa laifinmu ne. Muna da sashen koyon zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ya yaye gwanaye, muna da masu zanen jikin manyan motoci da ba su taɓa shiga aji ba, a zauren nan ma akwai wanda ya sha bulala saboda zana malamai a bayan littafin lissafi. Ban ga abin da zai hana a zana labarin almajiri da ɗan boko, ko na ɗan Fulani da maraƙinsa, shafi talatin ba kalma ba.

Saboda haka, mai girma shugaba, roƙona biyu ne ga kwamiti. Na farko, cikin kuɗin da aka ware wa laburare bana a sayi ko da guda ashirin ne na irin waɗannan, a ajiye su inda 'yan aji ɗaya za su kai hannu, kada a kulle su a kabad don gudun su tsufa. Na zo da guda shida nawa, suna kan teburin sakatare, na bar wa makaranta, ban da na zaki da ɓera, wanda mai shi ta ce aro ne. Na biyu, tsarin mulkin ƙungiyarmu ya ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ya kammala aji biyar a nan. Ina roƙon a sake duba wannan sashe. Akwai waɗanda ciwo ya fitar, akwai waɗanda mutuwar uba ta fitar, akwai waɗanda aka rasa kuɗin da za a biya musu. Sun ci gabzar da muka ci, sun yi sharar da muka yi. Na kawo takarda za ta zagaya yanzu, duk wanda ya tuna wani irin wannan a ajinsu ya rubuta sunansa da garinsu. Na riga na rubuta na farko.